Shekarar da Babanku Ya Ajiye Garma

Ku ukun nan, Hadiza da Musa da Auta, babu wanda ya san babanku da garma a hannu. Kun buɗe ido kun same shi da sanda, daga baya da keken guragu, kuma na san abin da yaran Kutama suka riƙa jifan ku da shi a hanyar makaranta, wai ubanku raggo ne, matarsa ke ci da shi. Musa ya sha dawowa gida da riga a yage saboda wannan magana. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, domin akwai hannuna a ciki, ni kuwa kun san ni, ba na son a ce ni ce da laifi ko da ni na fasa tulun. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara yi mini gardama, gara in rubuta muku da hannuna.

Lokacin da aka kawo ni Kutama daga Gammo, ina sabuwar malamar firamare, babu wanda ke kamo ƙafar Ilu a huɗa. Ilu shi ne babanku, yau na rubuta sunan tun da ba ya kusa balle in ji nauyi. Tun shekarun tsuke bakin aljihu tarakta ta zama labari a wajenmu. Wadda ake haya ta mutu a Gwarzo har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, taki ya zama sai wane da wane, shanun huɗa ma ba kowa ke da su ba. Sai mutane suka koma wa gayya kamar yadda kakanni suka yi. Mai gona ya sa a tuƙa tuwo a dama fura, ya gayyato majiya ƙarfi, su jeru a bakin gona kowa da garmarsa, makaɗi yana bin su a baya da gangar noma. Kowane gwani yana da takensa, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, kuma wanda ya riga kai ƙarshen gona shi ake kaɗa wa. Ina cikin gida nake gane taken babanku daga nesa, in yi kamar ban ji ba, amma kaina ya yi girma har ɗankwali ya nemi ya yi mini kaɗan. Girman kan nan ku riƙe shi, shi ya jawo abin da zan faɗa.

Ciwon bai zo da sallama ba. Abin da na fara lura da shi, ranar da na ce ya sauko mini da ƙwarya daga ragaya, sai ya kasa yin ɗage. Ya yi ya yi diddigensa ya ƙi barin ƙasa, muka yi dariya na ce tsufa ya zo da wuri, alhali ko talatin bai kai ba. Bayan nan tsanin rumbu ya fara yi masa wuya. Sai kuma na ga in zai tashi daga sujada sai ya dafa gwiwa da hannu biyu, kamar dattijo. Sharaɓarsa, wadda da kamar an cusa gwanda a ciki, ta fara zubewa. Amma ba zazzaɓi, ba kumburi, ba ciwon da zai nuna da yatsa, tuwo kuwa yana cin abinsa. Kowa a gidan ya kawo tasa fassarar. Inna, kakarku, ta ce sammu ne na masu baƙin cikin takensa, ta cika mana ɗaki da hayaƙi da rubutu. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Mai kyamis ya yi masa alluran ƙarin jini. Yaya Sale, wansa, wanda ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi nasa ganin daban ne.

"Inna, ba sammu ba ne. Jiki ne ya saba da katifa. Ciwon manomi garma ce maganinsa, ya yi kwana uku yana zufa zai warware."

Haka kowa ya yarda a lokacin, kuma ba mugunta ba ce. Duk wanda ya yi noma ya san ranar farko jiki kan yi tsami, rana ta uku ya saki. Ni ma da takardar makarantata haka na yarda.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun farko na shari'a. An hana kiɗan biki, garaya da kalangu sun shige ƙarƙashin gado, aka yi ta muhawara ko gangar noma ma za ta bi su. Daga ƙarshe dagaci ya ce tun da babu mata a wurin, kuma aiki ake yi ba sheƙe aya ba, a bar ta. Da ya kira gayyar gonarsa a damina, sai abin ya zama kamar salla, har daga Sabon Birni aka ce za a zo. Ni kuma a makon na je suna, wata mata ta dube ni tana murmushi ta ce, "Malama, albashi ya yi daɗi, an kwantar mana da sarkin noma." Aka yi shewa. Na dawo gida zuciyata kamar ta fashe, na tarar da babanku a gindin darbejiya yana gyara igiyar guga.

"Malam, jibi ne gayyar dagaci."

"Na sani, Asabe. Ba na jin zan je. Ƙafafun nan ba sa jin maganata."

"Ina ciwon yake? Nuna mini. Ba ka kwanta ba, ba ka rage tuwo ba."

"Ban san yadda zan nuna miki ba. In na ce su ɗaga sai su yi kamar ba da su nake ba."

"To ni dai ban auri raggo ba."

Wannan kalma da kuka yi ta dambe a kanta, daga bakina ta fara fita, a tsakar gidanmu. Ya ajiye igiyar, ya ɗauko garma ya zauna yana wasa ta da dutse har aka kira la'asar.

Ban je gonar ba, Yaya Sale ne ya ba Inna labari ina jin su ta bayan zana. Ya ce kunyoyi uku na farko Ilu yana gaba kamar da. A ta huɗu ya fara ja da baya. A ta shida ya faɗi, ya dafa garma ya tashi, ya sake faɗuwa ya sake tashi. Makaɗin, wani dattijo mai suna Tanko, ya rasa abin yi, domin a al'ada wanda aka bari a baya zambo ake yi masa, sai ya sassauta hannu ya yi kamar gangar ce ta saki. Kowa ya gama ya koma inuwa, shi kuwa ya ƙi barin layinsa sai da ya kai ƙarshe. A amalanke aka kawo mini shi. Sharaɓarsa ta kumbura ta yi tauri, ya yi kwana goma bai taka ƙofar gida ba, kuma da ya tashi bai koma ko inda yake kafin gayyar ba.

Sai na juya na zama mai jinya da ƙarfi da yaji. Ni ce ke koya wa 'yan aji biyar abinci mai gina jiki, don haka na ce na san maganin. Ƙwan kajina duka nasa, wake safe da rana, ƙuli-ƙuli, nono, har ya ce in ya ƙara cin alala zai fara tsiro. Babu abin da ya canza. Da kaka ta wuce, shugaban makarantarmu ya ba mu shawara mu je babban asibiti a Kano. Aka ɗebi jininsa, likitan ya ga sakamako ya ce a sake, yana zaton kuskure ne. Aka sake ya fito daidai da na farko. Ya nemi izini ya yanki ɗan nama kamar ƙwayar gero biyu daga ƙafarsa, ya ce zai aika wa wani abokin karatunsa a ƙasar waje, domin a nan ba su da kayan duba abin da yake zato. Muka jira har bazara kafin a kira mu.

Likitan nan siriri ne, mai magana a hankali, ya ga na zo da littafi da biro sai ya yi dariya ya ce yau malama ce za ta zauna a benci. Abin da ya faɗa na rubuta, kuma ga shi yadda na fahimta. Tsokar jikin mutum zare-zare ce, kowane zare ƙwayar halitta ce mai rai, an naɗe ta da wata fata siririya wadda ido ba ya gani. Wannan fata ita ke riƙe abin da ke ciki kada ya zube, ta hana na waje shiga. Duk lokacin da mutum ya yi aikin ƙarfi, fatar tana ɗan yagewa nan da can.

"Ta Malam ce ke yagewa?" na tambaye shi.

"Ta kowa, Malama. Tawa, taki, ta wanda ya fi kowa lafiya a garinku. Yagewa ba ita ce ciwon ba. Ciwon rashin gyara ne."

Ya ce ruwan da ke kewaye da zaren yana da sinadarin kalsiyam mai yawa, cikin zaren kuwa kaɗan ne. Da an sami ɓula sai kalsiyam ya kutsa ciki, shigarsa ita ce kiran gaggawa. A cikin zaren akwai ma'aikata da ake kira furotin, iri-iri, kowanne da aikinsa. Da sun ji kalsiyam sai su taso su yi wurin. Wasu su jawo 'yan ƙananan jakunkuna na irin fatar nan da ke ajiye a ciki, su manna su a bakin ramin. Wasu su tattaro gefe da gefe su haɗe. Wasu su tsinke ɓangaren da ya lalace su jefar waje. Kafin mutum ya ɗaga garma ya sake sarawa sau kaɗan, an rufe wurin, shi bai ma san an yi ba. Ya ce kamar ginin ƙasa ne da damina, kowane ruwa yana ɗan zaizaye shi, amma gidan da ake bi ana yaɓe yana shekara ɗari.

"A cikin ma'aikatan nan akwai guda ɗaya da ke haɗa facin da bakin ramin," in ji shi. "Shi ne aka duba a naman Malam ba a samu ba. Haka aka haife shi. Yana yaro jiki ya yi ta lallaɓawa, yanzu ɓarnar ta fi gyaran yawa. Abin da ke cikin zaren yana tsiyaya cikin jini, shi muka gani a gwaji. Zaren da ya gaji ya mutu, kitse ya maye wurinsa."

Na ce ai furotin na sani, wata tara ke nan ina ɗura masa ƙwai da wake. Bai yi mini dariya ba. Ya ce jiki ba ya ɗaukar furotin na ƙwai ya kai shi tsoka yadda yake. Farfasa shi yake yi, sa'an nan ya ƙera nasa bisa wani rubutaccen tsari da mutum ke gada daga uwa da uba. Tsarin ƙera wannan guda ɗayan ne ya zo da tangarɗa ta ɓangare biyu, don haka ko kajin Kano duka ya cinye ba za a ƙera shi ba. Ya tambaya ko iyayen Malam 'yan uwa ne, muka ce ɗan wa da 'yar ƙane ne. Ya gyaɗa kai. Ku kuma ya ce da wuya ciwon ya taɓa ku tun da ni bare ce, amma kowannenku yana ɗauke da rabin abin, shi ya sa kuka ga na kafe a kan maganar auren dangi, har aka ce ina da girman kai.

Sai da likita ya gama babanku ya ɗago kai.

"Likita, noma fa?"

"Tafiya a hankali, ƙananan ayyuka, motsa jiki ba tare da wahala ba, duk ka yi, zama wuri ɗaya ma ba shi da kyau. Amma garma a'a. Magani babu tukuna, ilimin ma sabo ne. Abin da ya rage maka na tsoka shi za mu tattala. In ka tattala za ka daɗe kana takawa."

Na ce Malam ya jira ni a waje. Na gaya wa likita abin da na yi, na tambaye shi ko ni na nakasa mijina. Ya ce ciwon zai zo ko da gayya ko babu, sai dai irin wannan rana ba ta taimaka ba. Ya yi mini adalci, bai ƙara ba bai rage ba. A mota har Gwarzo kuka nake yi cikin mayafi, babanku yana ba ni gyaɗa yana cewa in bari mutane za su ce dukana yake yi.

A gida na yi bayani har bakina ya gaji. Inna ta ce ita ba ta ga wata fata ba. Mutanen gari suka ce asibiti ma ba su ga komai ba, tun da ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Mutum yana tafe da ƙafarsa, yana cin tuwo, a ce ba zai yi noma ba? Kalmar nan ta raggo ta bi gari. Da damina ta kama dagaci ya sake kiran gayya, na ga babanku ya ɗauko garma yana duba bakinta. Na ce masa likita fa ya hana. Ya ce likita ba a Kutama yake kwana ba, gara ƙafar ta ƙare a gona da ya zauna 'ya'yansa su taso ana kiran ubansu da wannan suna.

Ranar gayyar da safe, bayan rana ta fito, masu gayya suka biyo ta ƙofar gidanmu, Yaya Sale a gaba, Tanko da gangarsa a baya. Babanku ya saɓa garma ya nufi zaure yana jan ƙafa. Ku sani, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Yaya Sale ba, in ya shigo sai in durƙusa in gaishe shi in shige ɗaki, haka ake yi da wan miji. A shekarun nan kuwa ko makaranta sai da dogon hijabi nake zuwa, balle in tsaya gaban maza ashirin. Na zura hijabin, na riga babanku fita, na durƙusa a ƙofar zaure.

"Yaya, ina kwana. Ku gafarce ni, magana gare ni."

Yaya Sale ya kau da kai ya ce, "Muna ji, Malama."

"Kalmar da ake kiran Malam da ita a garin nan, ni na fara faɗinta. Ni na tura shi gayyar bara don a daina yi mini dariya a gidan suna. Ƙarya na yi masa, kuma ga shi na faɗa a gabanku. Kowannenku in ya yi huɗa naman jikinsa yana yagewa, Allah Ya sa masa masu ɗinkewa nan take. Shi nasa babu mai ɗinkewa. Duk saran da ya yi bara, yana yi ne naman yana yagewa, kuma bai bar layinsa ba. In ya je yau, ƙafar da zai kai 'ya'yansa masallaci ce zai bari a gonar."

Ashe babanku ya iso zaure, yana tsaye a bayana da garmarsa. Wani daga baya ya ce mata sun fara wa'azi, wani ya ce masa ya yi shiru. Yaya Sale ya daɗe yana kallon ƙafafun ƙanensa, kamar ranar ya fara ganinsu. Sai ya miƙa hannu.

"Ilu, kawo garmar."

"Yaya, a bar ni in je."

"Ni na ce garma ce maganinka. Ban sani ba. Kawo."

Ya karɓa ya haɗa da tasa a kafaɗa ɗaya. Ya ce wa Tanko yau layi biyu zai ɗauka, nasa da na ƙanensa, kuma in ya shiga na biyun taken Ilu yake so a kaɗa. Suka wuce.

Abin bai zo da sauƙi ba, kada ku zata. Gari bai daina magana ba, kun ji da kunnenku. Ni aka ce na fi ƙarfin mijina, na yi shekara ba a gayyace ni suna ba. Babanku ya yi kusan wata ba ya yi mini magana sai ta dole, domin na tsaya a gaban maza na roƙa masa abin da bai roƙa ba. Amma ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ya koyi ɗinkin hula, kuma kowace damina Baffanku Sale yana yin layi biyu har ƙarfinsa ya ƙare.

A ranar dai, bayan sun tafi, babanku ya zauna a dakalin zaure, ni ina daga ciki ban san ko in fito ko in koma ba. Can da hantsi iska ta kawo mana gangar daga gonar dagaci, sai kiɗan ya juya ya zama nasa. Na leƙa. Hannayensa biyu suna kan gwiwa suna motsi daidai da saran garma, hawaye yana bin gemunsa. Ya san ina tsaye, bai waiwayo ba.

"Kin ji Yaya ko? Kiɗan yana gaba, shi yana baya. Bai taɓa iya bin taken nan ba."

Na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya matsa gefe a kan dakalin, ya bar mini wuri.

"Zauna, Asabe. Ki bari mu ji ko zai kai ƙarshe."